Fatar Mushe da Muka Ɗaure Tarakta da Ita

Bazarar bana ta ja. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi gunaguni, sannan iska ta watsa shi a bar mu da gumi. Ranar kasuwar Goronyo da ta wuce ina zaune a rumfar mai shayi, sai ga tirela ta tsaya da tarakta ja a bisa. Mai motar ya sauko, ya bi maɗauran nan masu ruwan lemo ɗaya bayan ɗaya, ya ja wani ɗan ƙarfe ƙat-ƙat-ƙat, ya sa ƙafa ya gwada, ya koma ya ja motarsa. Ko hannu bai wanke ba, don ba abin da ya taɓa. Ni kuwa shayin ya fita raina nan take. Wani wari ne ya taso mini a maƙogwaro, wanda ya fi shekara arba'in ina fama da shi.

Abin ya faru ne shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, aka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin rani ya raba, rumbuna sun koma wurin kwanan kaji. Maza masu ƙarfi duk sun tafi cin rani, wasu Kurmi, wasu ba a ma san inda suka nufa ba. Ƙauyenmu ɗan tunga ne gaba da Taloka, a bakin fadama. A gidanmu mu uku ne: ni, da Inna mahaifiyata, da matata Kulu da ke da tsohon ciki.

Abin da ake ci ba zan manta ba. Da asuba Inna ta tsiyaye ruwan 'ya'yan anza da ta jiƙa, ta zuba sabo, da marece ta sake, haka har kwana huɗu ko biyar kafin ɗacin ya ragu a iya haɗiyewa. Kulu ta bi mata zuwa tafki tonon bado, su dawo da laka har cinya. In an sami ɗan garin kwaki, a jiƙa a ƙwarya ɗaya, kowa ya riƙa jan hannunsa yana cewa ya ƙoshi. Da rana ba mai motsi. Zafi ya sauko kamar an kifa wa gari tukunya, awaki su lafe a gindin danga baki buɗe.

Cikin wannan hali aka yi shela cewa za a kawo tarakta ta nome fadamarmu, a ba da irin shinkafa. Aka ce kada kowa ya wahalar da kansa da galma. Ko ba a faɗa ba ma, wa ke da ƙarfin sara wannan laka da ta bushe ta tsattsage har ƙafar yaro na shigewa? Gonarmu ita ce ta can ƙasa, kusa da gulbi. Ita ce ta fi kowace ba da shinkafa, ita ce kuma ruwa ke fara taɓawa. Muddin tana bushe za ta ɗauki nauyin tarakta. In ruwan farko ya sauka a kanta, ko jaki ya shiga sai an ciro shi. Kowa a gidanmu ya san haka. Abincinmu na shekara mai zuwa yana ga zuwan taraktar nan kafin ruwa.

Da yake na yi elementare a Wurno na gama aji huɗu, sai aka ɗauke ni cikin masu aikin, aka tura ni Raba inda taraktar take. Irin mai sarƙa ce a ƙafa, wadda muke kira katafila. Baturen gona ya hana a tuƙa ta a hanya, sai dai a ɗora ta a tirela babbar mota ta ja. Aikina kula da kaya: gwangwanayen mai, kayan gyara, da maɗaurai guda shida na tamfol mai kauri, faɗin tafin hannu, kowanne da ƙugiyar ƙarfe a baki. Ranar da Baturen zai koma Sakkwato ya ɗaga ɗaya ya nuna mini, ya ce da irin Hausarsa, babu wannan, babu tafiya.

Ni mutum ne mai fargaba, tun ina ƙarami. In na rufe ƙofa sai na dawo sau uku na taɓa ta. Sai na shiga tunanin maɗauran nan. A shekarar yunwa, na ce a raina, wani zai yanke su ya yi majayin jaki ko takalma ya musanya da mudun hatsi. Siton da ake ajiye kayan yana da kwaɗo, amma ban yarda da kwaɗon ba. Na kwashe su na kai ɗakin da aka sauke ni, na tona rami a ƙarƙashin tabarmata, na naɗe su cikin buhu, na binne, na daddaɓe ƙasa. Mako uku ina kwana a kansu, hankalina kwance.

Ranar Litinin aka sa mu tashi. Direbanmu Tunau, wani ƙato mai dariya kamar ana fasa itace, ya hau da katafila bisa tirela tun da sassafe, aka sa gumagumai gaba da baya. Ya ce, "Malam Ladan, kawo igiyoyinka mu kama hanya." Na shiga ɗaki na tone ramin. Na ɗaga buhu, sai bakinsa kawai ya biyo hannuna. Gara ce fal, fara sol, tana motsi kamar tafasar tukunya. Ta cinye buhun, ta cinye tamfol, ta bar mini ƙugiyoyi da ɗan zare-zare.

Na fito da ƙugiyoyin a hannu. Tunau ya dube su, ya dube ni.

"Mi na wanga?"

Na gaya masa.

"Binnewa kay yi? Ga ƙasa? Ga Raba?" Ya riƙe ciki ya duƙa. "Jama'a ku taho ku gani! Ɗan boko ya shibka bel, shina jiran ya tsiro!"

Da ya gama dariya fuskarsa ta canza, don shi ma ya san abin da ke gabanmu. Sarƙoƙin ƙarfen da ake ɗauri da su sun bi wata tirela zuwa wata fadama. Aika wa Sakkwato a kawo wasu maɗaurai, sai an yi mako biyu ko fiye. Muka shiga gari muka tattaro igiyoyin rama da na kaba, muka ninka, muka ɗaure. Tunau ya ja motar ɗan taƙi ya taka burki. Igiyoyin suka tsinke tas-tas-tas kamar zaren ɗinki, katafila ta gusa ta ture gungume ɗaya. Litinin ta tafi a haka.

Wani tsoho ne ke zaune a gindin tsamiya yana kallonmu tun safe, ana ce masa Baba Nomau. Da ƙuruciyarsa fatake ne, ya yi safara da takarkarai. Da marece ya taso yana dogara sanda, ya zagaya tirelar, ya tofar da yawu.

"Ba abin da ka riƙe wagga dabba sai kiri," in ji shi. "Ɗanyar fata. A ɗaure ta da lema, rana ta ja ta. In ta bushe ko giwa ba ta ɓalle ta."

Na ce, "Baba, ina muka samun fata, ba a yanka ko akuya ga garin ga?"

"Wa yac ce maka yanka? Tafi bayan gari ka gani."

Na san abin da ke bayan gari. Shanun Fulani ne da yunwa ta kayar, kwance nan da can, kullum sai wasu sun ƙaru. Na ce, "Baba, mushe fa. Najasa ce."

"Ci za ka yi?"

"A'a, amma taɓawa..."

"To zamna da tsarkinka, ɗana. Garar da tac ci bel ɗinka halal ta."

Lada ɗaya Baba Nomau ya nema, a rage masa hanya zuwa Goronyo ya ga ɗiyarsa.

Talata da safe muka fita mu uku. Tun daga nesa ungulaye suka nuna mana wurin. Wani Bafillace yana tsugune kusa da saniyar da ta mutu jiya, Baba Nomau ya yi masa jaje, ya roƙi fatar. Mutumin bai ɗago kai ba, hannu kawai ya kaɗa. Shanu uku muka feɗe. Ni ke riƙe ƙafa. Cikinsu ya kumbura ya yi tauri, in wuƙa ta kuskure sai iska ta fito da ƙara, korayen ƙudaje su tashi su sauka a fuska, a leɓe, a gefen ido. Ta ukun har ta fara tsutsa a wuya. Na koma gefe na yi amai, ba abin da ya fito sai ruwa mai ɗaci, don ba komai a cikin.

Baba Nomau ya shimfiɗa fatun, ya fara yanka daga gefe yana zagayawa zuwa tsakiya, har kowace fata ta zama tsiri ɗaya mai tsawo. Ba a kankare gashi ba, ba a cire tsokar da ta manne ba, ba lokaci. Ya ba ni baki ɗaya, ya ba Tunau ɗaya, muka riƙa murɗawa uku-uku. Abin yana da yauƙi, yana zamewa, sai an naɗa a hannu an ja da ƙarfi ruwan ya tsattsafo tsakanin yatsu. Muka zura ta ƙarƙashin sarƙar katafila, muka ratsa ta zobban tirela, kusurwa huɗu, da biyu a gicciye. Tsohon ya ƙulla da irin ƙullin da yake yi wa kayan takarkari. Inda ya ƙi jawuwa ya sa haƙori ya ja. Na kau da kai.

Ranar nan na wanke hannu da ƙasa da toka ban san iyaka ba. Na cire rigata na wanke, na tsaya ta bushe kafin in yi azahar. Ina cikin salla ina jin warin a farce, na sallame na sake alwala na sake sallar. Tunau yana kallona yana kaɗa kai. Amma maganar tsoho ta tabbata. Rana ta buga kirin nan wuni guda, kafin magariba ya ɗame ya yi tauri, in ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar tsarkiyar baka.

Laraba muka tashi. Tunau da Baba Nomau a gaba, ni a bisa tirela kusa da katafila, don in ga in wani abu ya motsa. Zafin ranar daban ne, mai nauyi, iska ko kaɗan ba ta motsi. Ƙudaje suka bi mu tun daga Raba, ungulaye biyu suna shawagi a samanmu. Duk ƙauyen da muka ratsa yara su sheƙo kallon katafila, su iso kusa, su toshe hanci su koma da gudu.

Da hantsi muka iso Wurno, muka tarar gari ya fito roƙon ruwa. Tsofaffi, mata, yara, kowa da tsummansa, maza sun juya riguna, an yi sahu a fili kusa da hanya. Tunau ya kashe mota don girmamawa. Nan ne iskar da ba ta motsa ba tun safe ta ga damar motsawa, ta ɗauki warinmu ta kai cikin sahu. Na ga mutane suna jan gefen rawani suna rufe hanci, suna waiwayenmu. Na so ƙasa ta tsage.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Liman yana roƙo, jama'a na amin, wasu na kuka. Ni ma na ɗaga hannu, bakina yana cewa amin. Zuciyata kuwa cewa take yi, Allah ka jinkirta, kwana biyu kawai, Allah ka jinkirta. Mutane ɗari-ɗari da yunwa ta ƙarasa suna roƙon rahama, ni ina zaune a kan mushe ina roƙon a hana su. Na tambayi malamai biyu game da wannan daga baya, kowanne ya ce Allah mai gafara ne, ban dai ji na wanku ba.

Ba a amsa nawa ba. Mun bar Wurno da kamar tafiyar sa'a biyu, gabas ta haɗe. Iska ta taso mai sanyi da ƙanshin ƙasa, sannan aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutanen da ke gefen hanya suna ta murna, wata tsohuwa ta tsaya tsakiyar ruwan ta buɗe hannuwa. Ni ido na kan kiri. Na ga ya fara yin duhu, ya kumbura, gashin ya kwanta. Na taɓa shi, ya lotsa. Da motar ta faɗa wani rami, katafila ta yi gaba ta dawo, na ji tirela ta girgiza har cikin haƙorana. Na riƙa dukan ƙarfe ina ihu har Tunau ya tsaya.

Baba Nomau ya leƙo, ruwa na zuba daga gemunsa. "Na mance in gaya maku," in ji shi. "Kiri ba ya son ruwa."

"Yanzu kaka tunawa, tsoho?" in ji Tunau.

"Da can wa yat tambaye ni? Ku saro mani itace."

Muka saro sanduna shida. Ya zura kowace tsakanin igiyoyin, ya murɗa har suka sake ɗamewa, ya maƙale bakin sandar a jikin tirela. Huɗu suka zauna. Biyun da ke gicciye a ƙarƙashin katafila ba inda za a maƙale su, sai an riƙe da hannu, a riƙa ƙara murɗi duk sanda fatar ta saki.

"Wa ka riƙewa?" na ce.

Su biyun suka dube ni.

Na kwanta rubda ciki a kan katakon tirela, na kutsa ƙarƙashin katafila, sanda ɗaya a kowane hannu. Duk ruwan da ya wanko fatun nan a kaina yake sauka. Mai kauri ne, mai ɗumi, yana bin ƙeyata, ya shiga kunne, ya gangaro gefen baki. Tsutsotsin da rana ta kora cikin murɗin suka fito suna faɗowa a wuyana. Ba hannun da zan share. Ina son in kira sunan Allah don tsoro, ina tsoron buɗe baki, ga kuma tunanin ko ya dace a ambaci sunansa da leɓe a wannan hali. Na dantse baki ina nishi ta hanci. A samana ƙarfe ne mai nauyin da in ya zamo ko ƙashina ba za a tsinta ba.

Kusa da Goronyo akwai wani kwazazzabo da ruwa ya fara bi. Motar ta gangara, ta hau da ƙyar, tirela ta karkace. Kirin hannun dama ya tsinke ya zabge ni a kumatu. Katafila ta gusa kamar taƙi ɗaya ta tsaya. Tunau ba ya iya tsayawa a kan hawan, in ya tsaya mun koma baya. Na kamo bakin da ya tsinke, na zura a zobe, na ƙulla da hannu ɗaya. Ya ƙi jawuwa, yana zamewa. Na sa haƙori na ja.

Ɗanɗanonsa ba zan rubuta ba.

Mun sauke Baba Nomau a Goronyo, ya yi mana sallama kamar ba abin da ya faru. Muka isa ƙauyenmu rana na gab da faɗuwa, ruwa ya tsagaita. Gari duk ya fito, ana guɗa. Na fito daga ƙarƙashin katafila, mutanen da suka nufo ni da murna suka ja baya. Azahar da la'asar duk suna kaina. Inna ta hana ni shiga gida da rigar. A bayan danga na tuɓe, Kulu ta miƙo mini toka da tulu tana kau da fuska. Na dirje jikina har ya yi zafi, na kurkure baki har dasashi ya yi jini, na ɗaura zanenta na rama sallolina.

Washegari Tunau ya sauke katafila ya shiga fadama. Na roƙe shi ya fara da can ƙasa. Ya ce mu je mu gani. Muka taka har gonarmu. Tsagogin nan duk sun rufe, ƙasa ta yi laushi tana sheƙi. Ya ɗauki sanda ya soka, ta shige har rabi ba tare da ya danna ba. Bai yi dariya ba wannan karon.

"In na shigo da ita nan, Malam Ladan, nan za ta kwana har ranar tashin kiyama. Da Talata munka zo, da na gama maka ita kafin azahar."

Kwana uku ya yi yana nome gonakin tudu, ƙasa na juyawa baƙa wuluk, mutane na bin bayansa da iri. Gonarmu da wasu biyu na kusa da ita aka bari.

Ba wanda ya san dalilin makararmu, Tunau bai faɗa wa kowa ba. Ni ne na kasa riƙewa. Rana ta huɗu da safe na sami Inna tana tsiyaye ruwan anza, na tsuguna na gaya mata duka, tun daga ramin da na tona har roƙon da na yi a Wurno. Ta saurara ba ta dube ni ba, har ta gama zuba sabon ruwa ta rufe tukunyar.

"Ka gama?"

Na ce na gama.

"To mi kaka so in yi maka? In yi kuka, ko in buge ka?" Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta shiga ɗaki, ta fito da galma biyu, tata da ta marigayi babana. Ta jefo mini ɗaya a gaba. "Ruwa ya tausasa ta, ta saru yanzu. Gulbi bai iso ba tukuna. Tashi."

Ta wuce gaba, na bi ta. Da muka kai bakin gonar ta ɗaure zanenta ta shiga laka har ƙauri, ta ɗaga galma. Na matso in tsaya kusa da ita mu jera.

"Koma can gefen," in ji ta. "Har yanzu kana ɗoyi."